Keken da Ba Shi da Allura

Ranar da aka kawo keken ɗinkin, Baba Sito shi kaɗai ya sauke shi daga mota. Ya rungume shi da teburinsa da komai, ya hau matakala uku na ƙofar baya, ya dire shi a kusurwar sito kusa da buhunan hatsi, ko haki bai yi ba. Ya riƙe wannan a ransa da kyau, domin daga baya ya sha zama yana tambayar kansa ko tsufa ne ya yi masa dirar mikiya cikin 'yan watanni.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana riƙe da makullin sito na Sashen Rage Talauci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Sau huɗu ana sauya wa sashen suna, ana sake fentin allon bakin ƙofa, amma kwaɗon sito bai sauya ba, mai riƙe da shi ma haka. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, har matarsa idan ta so tsokana Baba Sito take ce masa. Saura wata bakwai ya yi ritaya ya koma gida ya ci fanshonsa. Ya riga ya kafa akurki a bayan ɗaki, kaji kawai yake jira.

Aikin sashen ba mai wuyar ganewa ba ne. Akwai jerin sunayen matan da ba su da mai tallafa musu: waɗanda mazansu suka rasu, da tsofaffi, da waɗanda ciwo ya hana su nema. Duk wadda sunanta ke cikin jerin tana da buhun hatsi ɗaya a wata, da katin asibiti da ake ba ta magani da shi kyauta. Ƙarshen kowane wata sukan jeru a dogon bencin da ke bakin sito, Baba Sito yana kiran suna yana miƙa buhu.

Sai sabon tsari ya sauko daga sama. Manya sun gaji da ganin jerin yana ƙara tsawo kowace shekara, suna son su ga ya fara gajarta. Aka ce a raba wa mata keken ɗinki su tsaya da ƙafafunsu. Duk wadda ta karɓa, a ɗauke ta hoto zaune a gaban keken, ta dangwala yatsa a fom, a rubuta an yaye ta, a cire sunanta. Ba buhu, ba kati, tunda ta zama mai sana'a. A takarda magana ce da ba ta da makusa. Keke sittin aka ce za a kawo. Ɗaya ne ya iso.

Shugaban sashen, wanda ma'aikata ke kira Koren Biro a bayan idonsa saboda ba ya sa hannu da wani launi sai kore, ya sauko sito ya zagaya keken sau biyu, hannuwansa goye a baya.

"Sauran fa, ranka ya daɗe?" in ji Baba Sito.

"Suna hanya."

"To, sai mu jira su ke nan."

"Baba Sito, rahoto ba ya jiran hanya. Hotuna ake so a sama kafin ƙarshen wata. Keke ai keke ne, wa zai bambanta wannan da wancan a hoto? A kai wa mace, ta zauna, a ɗauka, a dawo da shi. Ranar da nata ya iso a kai mata. Ba ƙarya muka yi ba, mun dai riga gaskiya isa wurin ne."

Baba Sito ya jawo ɗan aljihun teburin keken. Kwalbar mai ce kawai a ciki da wani tsumma.

"Ko allura ba su sako ba, ranka ya daɗe."

"Hoto yana nuna allura ne?"

Daga nan aka fara. Kowace Talata da Alhamis, Baba Sito ya buɗe sito, a ɗora keke a bayan a-kori-kurar sashen, a lulluɓe shi da tamfol. Direban sashen ne ke ja, wani dogo mai surutu da ake kira Sai-Gobe, domin duk aiken da aka yi masa amsar da ke fara fita daga bakinsa ke nan. Shi ne kuma mai ɗaukar hoto da wayar ofis. Akwai wani yadi shuɗi mai furanni rawaya da suke shimfiɗawa a kan keken, mace ta ɗora hannuwa a kai kamar tana tsakiyar ɗinki.

Gidan farko na wata mata ce siririya mai yawan tari. Mijinta mai gyaran rediyo ne kafin ya rasu, har yanzu tsofaffin rediyoyin da ba a zo karɓa ba suna jere a saman kwabarta. Ta yi wanka, ta sa kayanta na fita, ta share wani lungu kusa da taga ta shimfiɗa sabuwar tabarma inda keken zai zauna. Da ta zauna a gabansa, sai ta cire takalmi kafin ta ɗora ƙafa a mataki, kamar wadda za ta shiga ɗakin surukai. Sai-Gobe ya ce ta yi murmushi, ta yi. Ta dangwala yatsa. Baba Sito ya sunkuya ya ɗauki keken.

"Ina kuma za ku kai shi, ɗan nan?"

"Wannan na gwaji ne, Inna. Naki yana hanya, sabo dal a leda."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan keken yadda ake dafa kan yaron da zai yi tafiya, ta ce, "To, ka gaishe da ɗan'uwanka. Ka ce masa ya yi sauri, na share masa wuri."

A mota Sai-Gobe ya yi ta dariya. "Baba, keken nan zai fi kawuna auri-saki. Kullum sabon gida, kullum saki kafin la'asar."

Baba Sito ma ya yi dariya. Wannan ma ya riƙe shi a ransa.

Ƙarshen wata mai tarin nan ta zo benci da tsohon buhunta a naɗe a hammata. Aka kira kowa, ba a kira ta ba. "Sunanki ba ya nan, Inna," in ji Baba Sito, idonsa a kan takarda. "Ki hau sama ki tambaya." A sama aka nuna mata hotonta, aka taya ta murna. Duk da haka ta dawo wata na biyu, da na uku, da na huɗu. Takan zauna a ƙarshen benci tana tari a hankali har a sallami kowa, sannan ta miƙe ta yi masa sai an jima. Wata na biyar ƙarshen bencin ya zauna wayam. Sai-Gobe ne ya kawo labari.

"An ce ta je asibiti, aka ce katinta ya mutu. Bayan sati biyu ita ma ta bi katin."

Ranar bai ƙara da wata raha ba.

Maganar nauyin ta riga wannan farawa. Tun wajen gida na goma Baba Sito ya ce wa direba ya kama masa gefe ɗaya. "Yau Mama ba ta ba ka karin kumallo ba ne?" in ji Sai-Gobe. A gida na ashirin su biyun suna gumi suna nishi, ba mai tsokanar wani. A na talatin sai da suka roƙi maza biyu daga cikin lungu, ɗayansu ya dafe ƙugu ya ce, "Malam, dutsen niƙa kuka ɓoye a ciki?"

Baba Sito ya kwantar da keken ya duba ƙarƙashinsa, ya zare aljihun, ya leƙa ko'ina da tocila. Ƙarfe ne da katako, ba abin da ya ƙaru. Suka tattara mutum huɗu suka ɗora shi a kan sikelin da ake auna buhu. Sikeli ya nuna daidai abin da ke rubuce a kwalin da aka kawo shi a ciki, ko ɗigo bai ɗara ba. Amma a kusurwar da yake zama, ƙafafunsa huɗu sun yi rami huɗu a siminti.

"Ai sikelin ma'aikacin gwamnati ne, Baba," in ji Sai-Gobe. "Abin da aka rubuta shi yake faɗa."

Sai kuma ƙarar. Da misalin ƙarfe biyu na rana takan zo, lokacin da aka ɗauke wuta, fankoki suka tsaya, mutanen sama suka sulale gida ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko Baba Sito yana zaune a bencin waje, sito a kulle, makulli a aljihunsa, sai ya ji ta daga ciki: tar-tar-tar-tar, ta tsaya, ta ci gaba, yadda tela yake yi idan ya zo kwanar wuyan riga. Ya ce ɓera ne. Ya ce injin wani ne a bayan katanga. Daga ƙarshe ya miƙe ya buɗe kwaɗo.

Ba kowa. Taga ɗaya ce a siton, ƙarama, can sama, da ƙarfuna a jiki. Hasken da ke shigowa ta nan ya sauka a kan keken, wilinsa yana juyawa, yana rage gudu, yana rage gudu, har ya tsaya a gabansa. Ya taɓa matakin ƙarfen da bayan hannu. Da ɗumi, irin ɗumin wurin da tafin ƙafa ya tashi yanzun nan.

Shuɗin yadin yana shimfiɗe a kai, alhali ya san a ninke ya bar shi. Ya ɗaga shi sama wajen taga, sai haske ya ratso ta wasu ƙananan huda, layi-layi, a miƙe sambal, ba zare ko ɗaya. Ya duba mazaunin allura. Babu komai, kamar kullum. Daga ranar ya lura duk fitar da aka yi da keken, layi ɗaya yana ƙaruwa. Sau ɗaya kuma, yana cikin mayar da kwaɗo, ya ji an yi tari a hankali daga ciki, tarin mai gudun kada ta dami mutane.

Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa, ana saura 'yan watanni ya tafi, a ce Baba Sito ya fara taɓuwa? Ya dai fara yin sallama kafin ya shiga sitonsa. Wata safiya kuma ya tarar da kansa yana ajiye kujera 'yar tsugunne a gaban keken, bai san lokacin da ya yanke shawarar yin haka ba.

Ran wata Litinin aka sauko masa da takardar fitar gobe. Gida na arba'in da huɗu. Ya karanta sunan sau uku, sannan ya nemi buhu ya zauna a kai. Yayarsa ce. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta sayar da 'yan kunnenta ta sa shi makaranta. Yanzu mijinta ya rasu, 'ya'ya ba su rayu ba, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya ta kama hanyar ɗayan, hawan jini kuma sai da maganin da katin nan ke ba ta.

Ya hau sama, abin da bai fi yi sau biyu a shekara ba. Bangon ofishin Koren Biro cike yake da hotuna: mata arba'in da uku, murmushi arba'in da uku, yadi shuɗi ɗaya. Mai tarin tana can a farkon layi, ƙafarta ba takalmi.

Koren Biro ya saurare shi har ƙarshe, ya dafe ƙirji. "Haba, Baba Sito! Yayarka ce ba ka taɓa faɗa mini ba? Ai naka nawa ne." Ya zare biro ya ja layi a kan sunan. "Shi ke nan, an wuce wurin."

"Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

"Sai dai lamba ba ta raguwa. Layin nan dole a yaye mace ɗaya gobe. Ga mai bi mata." Ya juyo da takardar.

Baba Sito ya san ta. Uwar Tagwaye ce, ƙofarta na kallon ƙofar Yaya. Mijinta ya tafi neman aiki shekara huɗu ke nan ba amo ba labari. Ita ke ɗebo wa Yaya ruwa, ita ke ɗiga mata maganin ido safe da yamma, ita ce ke ƙwanƙwasa ƙofa idan rana ta ɗaga ba ta ji motsi ba.

"Idan ita ma ba ta yi maka ba, zaɓi wata da kanka." Koren Biro ya miƙo masa biron. "Ga shi. Yau kai ne shugaba."

Baba Sito ya dubi biron, hannuwansa suka ƙi tashi daga gefen rigarsa.

"Wata nawa ya rage maka? Biyu ko?" in ji Koren Biro a tausashe, yana mayar da biron aljihu. "Ka ɗauko ruwa tun daga rafi, Baba. Kada tulunka ya fashe a ƙofar gida."

A hanyarsa ta komawa gida da yamma ya tsaya a shagon masu sayar da kayan tela. Ya sayi fakitin allura da zare fari guda biyu. Da matarsa ta gan su ta tambaye shi ko ɗinki zai koya bayan ritaya, ya ce shi ma bai sani ba.

Talata da safe mutum shida ne suka ɗora keken a mota, suna yi suna tsaki. Bayan motar ya zauna har taya tana gogar ƙarfe. Sai-Gobe ya ja ta a giya ɗaya tun daga sakatariya, masu tura baro suna wuce su.

Lungun siriri ne, kwata ta raba shi biyu. Yaya tana zaune a bakin ƙofarta, fuskarta a ɗage wajen rana yadda masu ciwon ido suke yi. Tun kafin ya yi sallama ta ce, "Auta, kai ne? Na ji jan ƙafarka. Yau Baƙon Wuni ka kawo mana?"

"Wane ne Baƙon Wuni, Yaya?"

"Keken naku mana. Ka ɗauka ba ma hira a benci? Ya shiga gida ya wuni, ko wunin ma ba ya cikawa, ya fita da buhu da kati. Tun yaushe muka ba shi suna." Ta gyara zama. "To, sauke shi. Na san layina ya zo."

"Ba naki ba ne, Yaya. An cire sunanki daga fitar yau."

"Na wa ne?"

Ya waiwaya wajen kwatar. Daidai nan ƙofar da ke kallonsu ta buɗe, Uwar Tagwaye ta fito da bokitin ruwa a ka, ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu," ta tsallaka kwata za ta shiga ɗakin Yaya. Sai ta hango tamfol a bayan mota. Ta tsaya cak, ruwa ya fantsalo mata a kafaɗa.

Yaya ba ta gani sosai, amma shiru ba ya ɓoye mata komai.

"Auta," ta ce, "gida nawa ka kai shi kafin yau?"

"Arba'in da uku."

"Duk ba su da ƙane a sito, ko?"

Sai-Gobe ya juya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

"Na goye ka har bayana ya yi kanta, ban goye ka don ka cire mini ƙaya ka soka wa mai ba ni ruwa ba. Ku shigar da shi ɗakina. Ni na ci zamanina, ita tana da baki biyu a gabanta."

"Ba zan shigar da shi ɗakinki ba, Yaya."

"To a kanka za ka ajiye shi?"

Sai-Gobe dai ya gaji da tsayuwa, ya yaye tamfol, ya kira mazan da ke zaune a gindin katanga. Mutum shida suka kama, aka ce ɗaya, biyu, uku. Keken ko gezau. Suka ƙara biyu. Kamar an haɗa shi da ƙarfen motar da walda. Suna tsaye suna share gumi, rana tsaka, kowa yana kallo, sai matakin ya sunkuya da kansa, ya ɗago, wilin ya fara juyawa a hankali. Tar. Tar. Tar. Mazan suka dire daga motar. Ɗaya ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a can sama, bai koma ɗauka ba.

"Baba," in ji Sai-Gobe, murya ƙasa-ƙasa, "ka gaya mini gangara ce."

"Ba gangara ba ce."

Baba Sito ya juya wajen Uwar Tagwaye. Sau arba'in da uku yana faɗin magana ɗaya a irin wannan wuri, har ta zauna masa a baki kamar karatun yara. Ya buɗe baki, sai wata ta fito.

"'Yata, sauke bokitin ki ji. Idan kika zauna aka ɗauke ki hoto kika dangwala, buhunki ya tafi, katinki ya tafi. Babu wani keke a hanya. Ba a taɓa yin wani keke a hanya ba. Wannan kaɗai ne, kuma ko allura ba shi da ita."

"Mun sani, Kawu."

"Na san kun sani. Ni ne ban taɓa faɗa ba." Ya waiwaya ya dubi keken. "Amma idan kin yarda, yau ba zai koma ba. Nan zai kwana."

Ta dube shi da gefen ido. "Gobe su zo su ƙwace, na tashi ba tsuntsu ba tarko."

"Fom ɗin ya ce naki ne, da sa hannun shugaba a ƙasa. Duk wanda zai ƙwace, sai ya fara yin bayanin yadda aka yi mace arba'in da huɗu suke da keke ɗaya. Ba za su zo nan ba. Wurina za su zo, ni ke da makulli."

"Fanshonka fa, Baba?" in ji Sai-Gobe.

Baba Sito ya ɗaga kafaɗa kawai.

Uwar Tagwaye ta sauke bokitin. Ta yi shekara uku a shagon wata tela kafin aure, duk lungun sun san haka. Ta dubi ƙofarta, inda ɗaya daga cikin tagwayen ke kwance tun jiya ƙirjinsa na shaƙewa, katin nan ne ke saya masa abin shaƙa. Ta daɗe tana kallon ƙofar, har Baba Sito ya fara fatan ta ce a'a.

"Buhu ranar ashirin ga wata yake ƙarewa," ta ce a ƙarshe, kamar da kanta take magana. "Katin ne abin ji." Ta goge hannu a zaninta. "Keke ba allura, da farce zan yi ɗinkin?"

Ya zaro fakitin da zaren daga aljihu. Ta yi 'yar gajeriyar dariya. "Ashe da niyyarka ka zo, Kawu. To ni ma da sharaɗina. Ba ni kaɗai aka ce wa nawa ne ba. Duk wadda aka ɗauka hoto da shi, idan ta zo za ta hau, mu raba ranaku. Kai ka san gidajensu, kai za ka je ka gaya musu. Da bakinka, ba aike ba."

"Na ji."

Ya hau bayan motar, gwiwoyinsa suna ƙara. Wilin ya tsaya. Ya sunkuya ya rungumi keken da teburinsa da komai, ya ɗaga. Ya taso masa sakayau kamar kwandon da ba komai, har sai da ya yi tangaɗi. Shi kaɗai ya sauko da shi, ya tsallaka kwata, ya dire shi a ɗakin Uwar Tagwaye kusa da taga.

Ta dangwala yatsa. Sai-Gobe ya ɗauki hoto, bai ce ta yi murmushi ba, ita ma ba ta yi ba. Ta ɗaura allura, ta zura zare da sauri irin na wadda hannunta bai manta ba, ta shimfiɗa shuɗin yadin don gwaji. Ta jawo kujera. Kafin ta zauna, matakin ya sunkuya.

Baba Sito ya miƙa hannu zai kama wilin, ta riƙe masa hannun riga.

"Bar ta ta gama, Kawu. Ta riga ni layi."

Suka tsaya su uku suna kallo. Allurar ta bi layin huda na farko, huda bayan huda, ba ta kuskure ko ɗaya ba, farin zare yana kwanciya a bayanta tun daga wannan baki har wancan. A ƙarshen yadin keken ya tsaya. Aka yi tari sau ɗaya, a hankali. Uwar Tagwaye ta ɗan jira, ta ce, "Sannu da aiki, Inna," ta cire takalminta ta zauna.

A waje Yaya tana nan inda ya bar ta, kunnenta wajen ƙarar da ke fitowa ta taga.

"Kada ka tsaya jiran godiya," ta ce.

"Ban tsaya ba, Yaya."

"Ka ci wani abu kuwa tun safe?"

"Zan ci."

Taku goma ne daga ƙofarta zuwa mota, amma sai da ya huta sau biyu. Ƙafafunsa kamar an ɗaura musu bulo, kafaɗunsa suna danna shi ƙasa. Da ya buɗe ƙofa ya zauna, motar ta yi wani kuka ta karkace gefensa har taya ta gogi ƙarfe, ga bayanta kuwa wayam, sai tamfol da takalmi ƙafa ɗaya. Sai-Gobe ya dubi bayan, ya dubi Baba Sito.

Wayar ofis ta fara ruri a tsakaninsu.

"Koren Biro ne, Baba. Me zan ce masa?"

"Abin da ka saba faɗa."

Sai-Gobe ya kife wayar, ya tada mota. "Sakatariya?"

Baba Sito ya tuna akurkin da ke bayan ɗakinsa, sabon raga, ba kaza ko ɗaya. Ya zaro tsofaffin takardun fita daga aljihu, ya lashi yatsa ya buɗe ta ƙasa.

"Gida na biyu," ya ce. "Ta farkon ta riga ta sani."

Motar ta fita daga lungun a giya ɗaya, a karkace, masu tura baro suna wuce ta.